Wasiƙa Ga 'Yata Da Ke Karatu A Lynchburg

'Yata,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Muna nan lafiya ƙalau. Ƙafar mamanki ta yi sauƙi, har ta koma zumuntar mata. Hotunan da kika turo sun iso, ƙannenki kuwa sun yi ta yawo da wayar suna nuna wa maƙwabta doguwar hasumiyar nan ta makarantarku.

Ranar da muka yi magana kin ce mini, "Baba, wurin da ya bunƙasa haka ai hannun Allah yana kai. Abin da ya faru a da ya wuce, tunda an canza shugabanni." Ban ce miki komai ba a lokacin, amma maganar ta kwana a raina. Irin wannan zance ba na waya ba ne, shi ya sa na zauna na rubuta. Ni na sa hannu a takardun tafiyarki Jami'ar Liberty da ke Lynchburg a Amurka, ban kuma yi da-na-sani ba. So nake kawai ki san gidan da kike zaune a ciki, tun daga harsashinsa.

Fasto Jerry Falwell ya fara ikkilisiyar Thomas Road a 1956 da mutum 35. A 1971 ya buɗe makarantar da ɗalibai 154, ba ta da ko harabar kanta. Kuɗin gudanar da ita yana fitowa ne daga baikon masu kallon wa'azinsa a talabijin, mutanen da yawancinsu ba su taɓa taka Lynchburg ba. Muddin wasiƙu na shigowa da kuɗi, gini yana tashi, ana kuma cin bashi da sa ran na gobe. Sai a 1987 da 1988 asirin wasu manyan masu wa'azin talabijin ya tonu, wato Jim Bakker da Jimmy Swaggart. Laifin ba na Falwell ba ne, amma jama'a suka janye hannu daga kowa da kowa. Makarantar ta wayi gari da bashin da ya haura dala miliyan 100, har hukumar da ke tantance jami'o'in yankin ta sa mata ido, ana ganin kamar rufewa za ta yi. Wasu masu hannu da shuni ne suka tallafa ta miƙe. Ragowar bashin ma bai kau ba sai bayan rasuwar mai makarantar a ranar 15 ga Mayun 2007, da kuɗin inshorar rai da ya bari, dala miliyan 34, wanda mafi yawansa jami'ar ce ta karɓa. Ki tsaya ki yi tunanin wannan: sai da mutumin ya kwanta dama sannan makarantarsa ta fita daga bashi. Tun a zamanin uban ke nan, sauri ya kusa haifar nawa.

Da ya rasu aka raba gadon aikin tsakanin 'ya'yansa maza biyu. Jonathan, wanda fasto ne, ya riƙe ikkilisiya. Jerry ƙarami, wanda lauya ne, ya riƙe jami'a. Dole a ba shi haƙƙinsa, ya iya neman kuɗi. Tun 1985 makarantar ke aika wa ɗalibai darussa a kaset ɗin bidiyo ta gidan waya, shi kuwa ya faɗaɗa wannan hanyar ta intanet har ta zama babbar kasuwa. Cikin 'yan shekaru ɗalibai suka haura 100,000, alhali waɗanda ke zaune a harabar, irinku, ba su wuce wajen 15,000 ba. Sauran suna gidajensu, sojoji ne, iyaye mata ne, ma'aikata ne masu karatu da dare bayan an tashi aiki. Da yawansu da bashin karatu na gwamnatin Amurka suke biya. A 2017 kaɗai, tallafi da bashin da ɗaliban makarantar suka karɓa daga gwamnati ya haura dala miliyan 700. Daga nan kuɗin hasumiyar ya fito, da filin ƙwallo, da ɗakin karatun da kike zama a ciki. Idan kin zauna a kujera mai laushi a can, ki tuna akwai wata uwa a wata jiha da har yanzu take biyan bashin wani darasi da ta yi a teburin kicin ɗinta. Ban ce haram ba ne. Mutane da yawa sun sami ilimi ta wannan hanyar waɗanda da ba za su samu ba. Amma kada ki ɗauka daga sama ginin ya faɗo.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da nasara ta yi wa masu sa ido. Kowace jami'a tana da kwamitin amintattu, aikinsu su tambayi shugaba, su taka masa birki idan ya kauce. To wa zai tambayi mutumin da ya karɓi makarantar da ta fita daga bashi da ƙyar ya mai da ita mai dukiyar da ta haura dala biliyan ɗaya, ga shi kuma ɗan mai gida ne? A Janairun 2016 Jerry ƙarami ya fito ya goyi bayan Donald Trump tun ana zaɓen fid da gwani. Mark DeMoss, wanda ya daɗe yana yi wa mahaifinsa aiki kuma babba ne a kwamitin, ya ce bai yarda da wannan ba. Cikin 'yan watanni shi ne ya bar kwamitin. A 2019 jaridar Politico ta buga dogon rahoto inda ma'aikatan makarantar, waɗanda suka ɓoye sunayensu, suka yi maganar tsoron da ake zaune a ciki da yadda harkokin kuɗi ke amfanar na kusa da gida. Kwamitin bai motsa ba. Sai a Agustan 2020, da shi da kansa ya sa wani hoto marar kyan gani a Instagram, sannan labarin wata mu'amala ta cikin gidansa ya fito a jaridu, aka rabu da shi. Ba zan shiga wannan ba, ba maganar uba da 'ya ba ce, kuma ni ba alƙalinsa ba ne. Daga baya aka shiga kotu, makaranta ta kai shi ƙara a 2021 tana neman dala miliyan 10, shi ma ya kai nasa, sai a 2024 suka sasanta. Abin lura a nan shi ne, abin kunyar da duniya ta gani ne ya tashe su, ba koke-koken da aka daɗe ana yi a cikin gida ba.

Waɗancan koke-koken su ne suka shafe ki kai tsaye, domin ke 'ya mace ce a ƙasar da ba ki da dangi. A Yulin 2021 mata 12 suka shigar da ƙara, suna cewa an ci zarafinsu, kuma dokar ɗa'a ta makarantar, wadda kuke kira Liberty Way, ta zama abin tsoratar da su. Yarinya ta je ta ce an yi mata fyaɗe, sai ta ga ana tambayarta me ya kai ta wurin, ko ta sha giya, ko ta karya doka. Wace yarinya ce za ta sake buɗe baki bayan ta ga haka? Ma'aikatar ilimi ta Amurka ta yi bincike a kan shekarun 2016 zuwa 2023, a Maris ɗin 2024 kuma ta ci makarantar tarar dala miliyan 14 saboda saɓa dokar Clery, wadda ta wajabta wa jami'o'i rubuta laifuffukan da ake yi a harabarsu da gargaɗin ɗalibai idan akwai haɗari. Ba a taɓa cin wata jami'a tara mai yawan haka a ƙarƙashin wannan doka ba. Wadda ke biye da ita, ta Jami'ar Jihar Michigan a 2019, dala miliyan 4.5 ce. A shekarun da ake ta buɗe sabbin gine-gine ana yanke ƙyalle, littafin rubuta laifi bai cika ba.

Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura ta 6 ki karanta a hankali. Surar ta fara ne da cewa almajirai suna ta ƙaruwa, kuma a wannan ayar ce aka ji gunaguni, wai ana mantawa da gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum. Ikkilisiyar manzanni ce fa, Ruhu Mai Tsarki yana aiki a cikinta a fili, amma da yawa ya zo, marasa ƙarfi aka fara mantawa da su. Manzanni ba su ce masu gunaguni suna ɓata sunan aikin Allah ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, aka ba su aikin. Sunayen mutanen bakwai ɗin kuma duk na Helenanci ne, Istifanas da Filibus da sauransu. Na sha yin tunani a kan wannan, domin alama ce ta cewa ɓangaren da ya yi kuka aka damƙa wa rabon.

Na ga ƙaramin irin wannan da idona, lokacin da nake cikin kwamitin wata makarantar kwana ta ikkilisiya a nan gida. Sakamakon jarrabawa ya yi kyau shekara biyu a jere, iyaye suka yi ta tururuwa, muka yi ta ɗauka. Wata rana na shiga ɗakin kwanan 'yan mata da rana tsaka, na tarar an jera katifu a ƙasa tsakanin gadaje har ba wurin sa ƙafa, bokitan wanka a kan taga, mai kula da su mace ɗaya ce, ita ce kuma mai raka marasa lafiya asibiti. A taron ƙarshen shekara an karanta yawan ɗalibai, aka yi tafi, aka rera waƙar godiya. Ba wanda ya karanta yawan katifun da ke ƙasa. Yanzu da ikkilisiyoyinmu suke ta buɗe jami'o'i, tun daga 1999 da aka fara ba masu zaman kansu lasisi, har tamu ta Bingham da ke Karu wadda ECWA ta kafa a 2005, ina roƙon Allah shugabanninmu su karanta labarin Lynchburg da kunnen basira.

Game da sabbin shugabanni kuwa, ina yi musu kyakkyawan zato. Bayan tafiyar Jerry ƙarami, Fasto Jerry Prevo na Alaska, wanda shi ne shugaban kwamitin amintattu, ya riƙe kujerar. A 2023 aka naɗa Dondi Costin, janar mai ritaya wanda ya shugabanci limaman rundunar sojan saman Amurka, ya kuma riƙe wata jami'ar Kirista a Charleston. Shi ba ɗan gida ba ne, wannan kuwa ci gaba ne. Makarantar ta amsa cewa an yi sakaci a baya, ta kuma kashe kuɗi wajen gyara tsaro. Amma canza mutum ɗaya abu ne mai sauƙi. Abin tambaya shi ne ko yau akwai wanda zai iya ce wa shugaba "a'a" gobe kuma ya tarar da kujerarsa tana nan. Jami'ar Oral Roberts da ke Tulsa ta shiga irin wannan hali a 2007, ɗan mai makarantar ya sauka a cikin zarge-zarge, ga bashi ya kai wuya. Iyalin Green, masu kantunan Hobby Lobby, sun yi alkawarin dala miliyan 70, amma da sharaɗin a sake tsarin kwamitin da ke mulkin makarantar. Sun gane inda ciwon yake. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, don haka ki girmama shugabanninki, ki yi musu addu'a, ki kuma bar lokaci ya nuna.

Sai maganar aikin da kika ce ana iya ba ki a ofishin ɗaukar ɗaliban intanet. Na san kina buƙatar kuɗin, na kuma san takardar zamanki ta yarda ki yi aiki a cikin makaranta har awa 20 a mako. Ban hana ki ba. Amma kafin ki amsa, ki tambaye su da me za a auna aikinki, da yawan mutanen da kika sa suka yi rajista, ko da yadda kika taimake su. Idan kika ɗaga waya kika ji muryar wanda karatun bai dace da shi ba, ko wanda bashin zai danne shi, ki gaya masa gaskiya ko da lissafinki na wata zai ragu. Kada ki yi wa kowa alkawarin abin da ba a rubuce yake ba. Kada kuma ki sa sunan Yesu a bakinki don ki ja mutum ya sa hannu. Idan aka matsa miki ki yi abin da zuciyarki ta ƙi, ki ajiye aikin, ni da mamanki za mu san yadda za mu yi.

Ina so kuma ki nemi ikkilisiya a cikin gari, ƙarama ma ta isa, inda fasto da dattawa ba makarantar ce ke biyansu albashi ba. Taron sujada na ɗalibai da kuke yi a babban zaure yana da kyau, amma mutum dubbai ne a wurin, ba wanda zai lura idan ba ki zo ba. Kina buƙatar wata dattijuwa da ta san sunanki, wadda za ki iya buga wa waya da tsakar dare.

Ki nemi lambar ofishin da ke karɓar ƙorafin cin zarafi, wanda suke kira Title IX, ki sa a wayarki yau. Ki sani kuma ba dole ba ne sai ta hannun makaranta, kina da ikon kiran 911 ko zuwa wurin 'yan sandan gari kai tsaye. Idan wani abu ya same ki, Allah ya kiyaye, ko ya sami wata ƙawarki, ki rubuta rana da lokaci, ki ajiye saƙonni, kada ki goge komai, kada kuma ki je ofis ke kaɗai. Ki ji wannan daga bakin mahaifinki: ko ina kika je, ko wace doka aka ce kin karya a ranar, ni za ki fara gaya wa, kuma ba zan fara da tambayar me ya kai ki ba.

Mamanki ta ce ki sayi rigar sanyi mai kauri tun kafin Nuwamba, kada ki jira sai ta yi tsada. Yajin da daddawar suna hannun kawunki, zai ba wani mai zuwa Washington a wata mai kamawa, za mu turo miki lambarsa. Ki rubuto mini amsar da ofishin ya ba ki a kan aikin kafin ki sa hannu. Kowa yana gaishe ki. Ubangiji ya tsare ki.

Ni ne,
Babanki