Rahoton ayyukan ƙungiyarmu ta masu harkar kwamfuta na shekarar 2023

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Zan fara da kuɗin wata, domin shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Jaka ɗaya ce kacal, amma waɗanda suka biya har Disamba ba su kai rabinmu ba. Na bi wasu har shagunansu, na tura saƙo a WhatsApp har na gaji. Masu tambayar abin da ya hana a buga ɗan littafin umarnin Linux (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) da muka fara da Hausa, ga amsa: tun da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a watan Agusta, man injin wuta ya cinye kuɗin bugawa. Ba sakacin kwamiti ba ne.

Taron wata-wata an yi shi, da fuskokin da kuka sani.

Abin da ya faranta mini rai shi ne horon Nuwamba kan ambaliyar ma'ajiya, wato idan bayanai suka fi ƙarfin gurbin da shirin kwamfuta ya tanadar musu. Ɗalibai sun zo daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ɗaki ya cika har wasu na tsaye. Mai koyarwa ya kawo tiya da gero, ya yi ta zubawa har ya malale kan tebur. Ya ce haka shirin da aka rubuta da harshen kwamfuta na C yake yi idan umarnin gets ko strcpy suka karɓi rubutu ba awo: rarar ta hau kan adireshin da shirin zai koma, mai kutse ya juya shi inda yake so. Ta wannan ƙofa tsutsar Morris, mugun shiri mai yaɗa kansa ta intanet, ta shiga shirin fingerd mai ba da bayanin masu amfani da na'ura a 1988. Kuma matsalar ba ta mutu ba, domin an gano ta a ping, shirin gwada haɗin na'urori, na babbar manhajar FreeBSD a 2022, sai ga ta a curl, shirin ɗauko bayanai daga intanet, inda sunan na'ura mai wuce bayit (ma'aunin bayanai) 255 ke malalewa ta SOCKS5, wata hanyar haɗi ta na'urar tsakani, aka toshe a sigar 8.4.0 cikin Oktoba. Wata ɗaliba ta rubuta ɗan shiri, ta cusa masa haruffa har ya faɗi, ta maye gets da fgets mai auna rubutu, ya tsaya daram. Tafin da aka yi mata har yanzu yana kunnena.

A ranar mun yi alkawarin zagaya shagunan intanet na gari mu sabunta musu curl. Mu uku muka fito, shi ya sa aikin ya tsaya a unguwa biyu. Ina sauran da suka ɗaga hannu?

Littafin kuɗi yana wurina. Ranar Asabar bayan la'asar ina ofis, wanda ake bi bashi ya zo ya biya.