Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Muhalli: Alƙaluman Da Kuke Nema Suna Bakin Sikelinmu

Assalamu alaikum, Mai girma Minista, Malam Balarabe Abbas Lawal.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni mai riƙe da littafin awo ne a wani shagon jari-bola a Kano. Tun safe har magariba aikina ke nan: in rataya buhu a sikeli, in duba allura, in rubuta roba kaza, gwangwani kaza, ƙarfe kaza, kwali kaza. Na ji labarin taswirar da gwamnatin tarayya ta fitar a 2024 kan abin da kuke kira tattalin arziki mai kewayawa, wato kaya ya fito daga masana'anta, a more shi, in ya samu matsala a gyara, in ya mutu a narka ya sake komawa masana'anta maimakon ya ƙare a juji. Da na ji bayanin sai na ce ai sana'armu ce aka raɗa wa suna, kuma wallahi na yi murna. Abu ɗaya ne ya hana ni sakat: da me za ku auna ko gaba ake yi ko baya?

Abin da kunnenmu ya saba ji daga hukumomin shara shi ne motoci nawa aka saya, tan nawa aka kwashe a wata. Kwashe shara alheri ne, duk wanda ruwan kwata ya taɓa shigar masa ɗaki cikin dare a watan Agusta ba zai raina shi ba. Amma sharar da aka ɗauke daga tsakiyar gari aka jibge a bayan gari ba ta koma ko'ina ba, mazauni kawai ta sauya. In da wannan ma'aunin za a bi, ranar da muka fi ɓarna ita ce ranar da takarda za ta nuna mun fi ƙoƙari.

Akwai wata cibiya a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, Circle Economy, da ke auna wannan abu ga duniya baki ɗaya. Tana duba duk kayan da ɗan Adam ke ci a shekara, daga yashi da ƙarfe zuwa mai da amfanin gona, ta ce kashi nawa ne ya fito daga abin da aka taɓa amfani da shi. A 2018 ta ce kashi 9.1 cikin ɗari. A 2023 ya sauko 7.2, a 2025 kuma 6.9. Masu sarrafa tsohon kaya ba su yi barci ba, haƙo sabo ne ya fi su gudu. Kowane ɗan kasuwa zai gane wannan, domin ba a sanin riba da kuɗin da ya shigo aljihu kaɗai, sai an san nawa aka zuba. Alƙalami biyu ake buƙata: abin da ya shigo kasuwa, da abin da ya dawo.

Na farkon yana hannunku. Kwastam ta san robar da ake shigowa da ita, masana'antu sun san abin da suke bugawa. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da ke ƙarƙashin ma'aikatarka, wadda aka kafa tun 2007, tana da tsarin da ya ɗora wa mai yin kaya alhakin bin sawunsa bayan an gama amfani da shi. To idan kamfanin lemo ko na ruwa ya fito ya ce ya tattara goruna tan kaza, a sa shi ya faɗi a layi guda tan nawa ya zuba kasuwa a wannan shekarar. A buga biyun tare kowa ya gani.

Na biyun kuwa yana cikin littattafai irin nawa, masu bangon da ya sha maiƙo.

Bari in nuna maka yadda yake. Yaro ya turo kura cike da gorunan ruwa. Sai na zazzage buhun a ƙasa, domin akwai mai yashi a ciki, akwai wadda aka zuba manja ko kalanzir. Farar gora gefe guda, mai launi gefe guda, murfi ma kuɗinsa daban. In damina ce sai na rage nauyin jiƙa, mu ɗan ja da shi, mu daidaita, in biya shi a take. Daga wurinmu dila ya ɗauka, ya kai injin niƙa, a wanke a shanya. Fasasshen bokiti da tsohon silifas su bi hanyar masana'antun Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, su dawo kasuwar Ƙofar Wambai a matsayin sabuwar buta. Gwangwanin lemo ya je hannun maƙera ya zama tukunya da ludayi. Ƙarfe a loda a tirela zuwa masu yin rodi. A kowace gaɓa sai an ɗora a sikeli, sai an rubuta, saboda kuɗin mutum ne. Ba za ka samu alƙalumman da aka fi tsantseni wajen rubuta su kamar waɗannan ba.

Sai dai a kula da tarko guda. Gora ɗaya tana hawa sikeli sau uku ko huɗu kafin ta narke. In aka tara nawa da na dila da na mai inji, za a ƙirga kaya ɗaya sau uku, a yi ta tafi a banza. A ɗauki babban alƙalami a ƙofar masana'anta, inda kayan ya koma sabo. Littattafanmu kuma su nuna daga wace unguwa ya fito, hannu nawa ya bi.

Abin da na fi so ka gani a littafina, ranka ya daɗe, shi ne abin da babu shi a ciki. Ban taɓa buɗe shafi don baƙar ledar cefane ba. Ban taɓa auna ledar biskit ko ta garin wanki mai ƙyalli a ciki ba, haka farin mazubin abincin nan mai kama da soso wanda Legas ta haramta a Janairun 2024. Babu mai saye, don haka babu mai tsinta. Su ne ke toshe magudana, su ne mahauci ke zaro wa a dunƙule daga tumbin saniya, su ne manomi ke tsincewa daga takin da ya saya. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna sayen sharar birni su kai gona, a da a kan jakuna, kuma ƙasar ta riƙe su shekara da shekaru. Yau sai mutum ya baza taki ya ga gonarsa ta yi furen leda. Duk abin da ɗan bola ya tsallake a juji, wannan shi ne jerin kayan da ya kamata ma'aikatarka ta zauna da masu yin su a kai.

Kada kuma a manta da masu gyara. Mai liƙin bokiti, mai ɗinkin takalmi, yaran kasuwar waya ta Farm Centre a nan Kano masu tayar da matacciyar waya, maƙeran Panteka a Kaduna da ka fi ni sani. Abin da suka hana ya zama shara ba ya hawa sikelin kowa. Tambaya biyu ko uku a cikin binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi za su fara nuna girmansa.

Sai maganar mutanen. A Janairun 2025 hukumar Abuja ta haramta yawon baban-bola, ta rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci, saboda satar marafen kwalbati da wayoyin lantarki. Ba zan ɓoye maka ba, akwai ɓata-gari a cikinmu, kuma ni kaina na sha mayar da kayan da hankalina bai kwanta da su ba. Amma wanda aka kora ba ya ƙirguwa. Barazil ta sanya masu tsintar kaya a jerin sana'o'in ƙasa tun 2002. Birnin Bogota na Kolombiya ya fara biyansu a 2013 gwargwadon nauyin da suka kawo wurin awo, sai ga birnin ya samu alƙaluma, su kuma sun samu mutunci. Mai katin shaida da lamba ya fi sauƙin bambantawa da ɓarawo. Kuma in za a ƙirga tan, a ƙirga lafiyar masu ɗaukarsa. Na ga yara suna ƙona waya don fitar da jan ƙarfe, hayaƙi na shiga ƙirjinsu. Na ga ana fasa batirin mota mai dalma a ciki da hannu babu safa, ruwan yana kwarara ƙasa. Dalma guba ce, ta fi illa ga ƙananan yara. Idan nauyin kayan da aka sarrafa ya hau, dalmar da ke jinin masu aikin ita ma ta hau, ni dai ba zan kira wannan ci gaba ba.

Na san abin da zai faru ranar da ma'aikaci ya shigo da takarda da biro: kowa zai tura littafinsa ƙarƙashin tabarma, don ya ɗauka haraji ne ya zo. Sai an fito fili an yi alkawari, a rubuce kuma da Hausa, cewa wannan ƙidaya ba ta da alaƙa da karɓar kuɗi, a kuma biyo ta hannun shugabannin ƙungiyoyinmu.

Roƙona ke nan. Ka turo ma'aikatanka tare da na Hukumar Ƙididdiga su zauna a bakin sikeli, mako guda da rani, mako guda da damina, domin nauyi da farashi ba ɗaya ba ne a lokutan biyu. A fara da Kano da Kaduna da Legas da Onica. Abin da aka samu a karanta shi a rediyo kowace shekara, mu ma mu ji inda aka kwana. In sun iso Kano su zo da sassafe kafin kurayen farko su fara shigowa, akwai benci a gefen sikelina, zan buɗe musu littafin tun daga shafin farko.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka,
Mai awo a wani shagon jari-bola, Kano