Zuwa Ga Ɗana, Game Da Waƙar Da Ka Rera

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ina sanar da kai cewa ƙanwarka ta kunna mini waƙar da ka rera da jita, kuma na saurare ta har ƙarshe, mahaifiyarka tana gefe tana tambayar me kake faɗa. Ban fassara mata duka ba, domin bakina ba zai iya gaya mata cewa ɗanta yana shaida wa duniya babu mai fahimtarsa a gidansu ba.

Wannan kiɗa na kantiri ba baƙo ba ne a wurina. Tun ba a haife ka ba muke jin Jim Reeves da Don Williams a rediyo, kuma na san asalinsa na talakawan kudancin ƙasar Amurka ne, waɗanda kukan talauci da kaɗaici ya zame musu jigo. Tunda karatu ya kai ka Nashville, cibiyarsa, ban yi mamakin ya shiga ranka ba.

Abin da ya hana ni barci baiti guda ne, inda ka ce kwalba ce kaɗai take sauraronka da dare. Ƙanwarka ta ce salon waƙar ne kawai. To, ka bincika labarin Hank Williams, wanda mawaƙan garin nan suke ɗauka a matsayin uba. Giya da magungunan kashe zafin ciwon baya ne suka cinye shi, har aka kore shi daga Grand Ole Opry, babban dandalin waƙar kantiri na Nashville, a 1952 saboda maye, sannan ranar 1 ga Janairu, 1953, aka tarar da shi ya mutu a kujerar bayan mota a kan hanyar zuwa wasa a jihar Ohio, yana da shekara 29. Dubban mutane suna tafa wa baƙin cikinsa, amma tafin bai tsare shi ba. Kai kuma ka ga yadda muka ɗauko ɗan baffanka da idonka, ka ga halin da uwarsa take ciki har yau.

Ka ce ba a fahimce ka ba. Wanda ya sayar da gonar bakin rafi domin tafiyarka, shi ne bai fahimce ka ba? Tsananin da na yi maka ba ƙiyayya ba ce. Na san halinka na haɗiye damuwa tun kana ƙarami, kuma shi nake tsoro. Abin kunya ne baƙi su riga mahaifinka jin ciwonka.

Duk da haka na ji gajiya a muryarka, kuma na san aikin dare da karatu da sanyi ba ƙaramin nauyi ba ne ga mutum shi kaɗai. Ban hana ka waƙa ba. Ka kira ni ranar Juma'a bayan kun sauko daga masallaci, ka faɗa mini gaskiya ko kwalbar nan a waƙa kawai take ko tana ɗakinka. Kowace amsa ka bayar, ba zan ɗaga maka murya ba.

Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka.

Mahaifinka