A riƙa tunawa da 'yan tseren kwale-kwale irin su Hans Walter

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana kan shafinku na wasanni, wanda kusan kullum ƙwallon ƙafa ce ke cinye shi.

Akwai wani ɗan ƙasar Suwizalan, Hans Walter, da ya dace masu karatu su san tarihinsa. A gasar Olamfik ta 1920 da aka yi a Beljiyam, shi da abokan tuƙinsa uku suka ci zinariya a tseren jirgin mutum huɗu mai ɗauke da mai saita hanya, suka bar Amurka a matsayi na biyu. A 1924, a kogin Seine kusa da Paris, ya dawo da sababbin abokan tuƙi uku suka sake cin zinariya, suka ƙara da tagulla a tseren mutum huɗu marar mai saiti. Lokacin ya haura shekara talatin.

Abin da ya fi burge ni shi ne canjin abokan. Masu tuƙin nan baya suke juya wa inda suka nufa, kuma in filafilin mutum ɗaya ya riga na sauran shiga ruwa, jirgin ya yi nauyi. Sabawa da hannun sababbin mutane har a kai ga nasara aiki ne babba. Kuma ƙasarsa ko teku ba ta da shi, sai tafkuna da koguna.

Duk wanda ya taɓa kallon tseren kwale-kwale a bikin kamun kifi na Argungu zai karanta irin wannan labari da marmari. Don Allah a ware masa ko da shafi ɗaya a wata.

Naku,
Mai karatu daga Yawuri