Amsa ga uwar da ta ce ɗanta wasa kawai yake yi a makaranta

Assalamu alaikum, 'yar'uwa.

A taron iyaye da malamai kin miƙe kin tambaye ni a bainar jama'a: ɗanki mai shekara huɗu ya yi wata shida a aji, kullum sai ya dawo da hannun riga jiƙe, aljihu cike da tsakuwa, amma ko harafi goma bai haddace ba. Kika ce, karatu ne wannan ko raino? Ranar a tsaitsaye na amsa miki, kuma amsar ba ta gamsar da ni kaina ba.

Na taɓa zama a wani aji inda malama ta ajiye baho cike da ruwa, yara biyar suka kewaye shi. Wata yarinya ta jefa cokali, ya nutse. Ta ce, "Ai ƙarfe ne, shi ya sa." Malamar ba ta ce mata e ko a'a ba, sai ta miƙa mata kwanon ƙarfe. Kwano ya hau yawo a saman ruwa. Yarinya ta yi tsit. Ta danna shi, ruwa ya shiga, ya nutse. Ta tsamo, ta zubar, ta sake ɗorawa. Sau bakwai na ƙirga. Ita kuwa malamar tana gefe tana rubuta duk abin da ya fito daga bakin yaran, domin da maganarsu za ta shirya darasin gobe. Da kin leƙo ta taga a lokacin, wasan ruwa kawai za ki gani.

Wannan tsari na koyo ta hanyar wasa kuma ba yayin zamani ba ne. Tun a 1907 likita Maria Montessori ta buɗe gidan yara a unguwar talakawa ta San Lorenzo da ke birnin Rum, ta sa kujeru da tebura daidai tsayinsu, kowa ya ɗauki aikin da ransa ya so. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, iyaye a ƙauyen Villa Cella kusa da birnin Reggio Emilia na ƙasar Italiya suka sayar da tankar yaƙi da dawakan da sojojin Jamus suka bari, suka gina makaranta da hannunsu, wani matashin malami mai suna Loris Malaguzzi ya shiga cikinsu. Daga can ne rubuta maganganun yara irin na malamar nan ya yi suna.

Me ya hana a faɗa wa yaro amsa a huta? A 2011 masu bincike a Amurka suka wallafa wani gwaji. An ba yara abin wasa mai bututu da dama: wani yana ƙara, wani yana kunna fitila, wani da madubi a ɓoye. Waɗanda aka ce wa "ga yadda yake aiki", aka nuna musu ƙarar, yawanci a nan suka tsaya. Waɗanda babba ya yi musu kamar bisa tsautsayi ƙarar ta fito, sun fi daɗewa suna jujjuya shi, sun kuma fi gano sauran. Yaro yakan ɗauka cewa abin da malami ya nuna shi ke nan, babu saura.

Sai dai kina da gaskiya a wuri ɗaya, kuma 'yan'uwana masu son wannan tsari ba su cika son jin sa ba. Harafi ba kwano ba ne. Ko shekara yaro zai yi yana jujjuya "b", ba za ta gaya masa sautinta ba. Mutane ne suka ƙulla wannan, dole a koya masa baki da baki, daki-daki. Maganar ita ce yaushe. A ƙasar Finland sai a shekara bakwai ake shiga firamare, yaransu kuwa ba su rasa karatu ba. Mai shekara huɗu da ke jin labari, yana rera waƙa, yana gane kalmomin da suka fara da sauti ɗaya, yana kan hanya.

Akwai kuma makarantun da suka fake da sunan tsarin, a zube yara da kayan wasa, malama tana danna waya. Wannan raino ne, kamar yadda kika faɗa. Gane su ba wuya. Gobe idan kin kai shi, kada ki tambayi harafi nawa ya iya. Ki ce wa malamarsa, "Me yake ta tambaya a kai wannan makon, me kuma kika tanadar masa?" Idan ta ɗauko littafinta ta gaya miki dalilin tsakuwar nan ta aljihunsa, ki bar mata shi. Idan ta hau kame-kame, ki nemi ganin shugaban makarantar.

Wassalam.