Zuwa ga abokan cinikinmu: Baba ya rasu

Assalamu alaikum 'yan uwa na Greensboro da kewaye.

Da yawanku kun zo gareji a makon nan kun tarar da kujerar bakin ƙofa babu kowa, kuna tambaya. Baba ya rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Dattijon nan Ba'amurke da ya sayar mana da garejin, amma ya kasa zama a gida, kullum da safe sai ga shi da kofin kofi da tsumma a aljihun baya. Mu muka laƙaba masa Baba, har matarsa ma ta koma kiransa haka.

A nan aka haife shi, a nan ya tsufa, bai taɓa wata sana'a ba sai kanikanci. Lokacin da muka zo daga Nijar mun iya kwance inji mu ɗaure, amma wurinsa muka koyi sauraro. Idan mota ta shigo, ba ya bari a jona mata kwamfuta sai an buɗe bonet ya tsaya ya kasa kunne. Wani lokaci ya ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin inji, ya kai ƙotar kunnensa, ya ce filogi na uku ne, ko ya ce fanbel ne ya saki. Da wuya kwamfutar ta ƙaryata shi. Kuma da yawa cikinku sun shaida ranar da ya mayar musu da mota bai karɓi ko dala ɗaya ba, don waya ce kawai ta kwance. Ba ya canza abin da bai mutu ba, kuma ya hana mu.

Sai tseren motoci. Duk wanda ya taɓa jiran canjin baƙin mai a nan ya sha labarin filin Bowman Gray na Winston-Salem, inda ake tsere daren Asabar tun 1949, a kan da'irar da ba ta wuce rubu'in mil ba. Saboda ƙanƙantar wurin motoci na goga juna, 'yan kallo na ihu kamar za su faɗo fili. Baba na alfahari cewa yana wurin a 1969 ranar da Richard Petty, shahararren direban tsere ɗan Level Cross da ke nan kusa da mu, ya samu nasararsa ta 100. Lamba 43 da ke manne a akwatin sifanoninsa ta motar Petty ce. Yana son tseren ne don asalinsa na kanikawa ne: da motocin da kowa ke hawa a titi aka fara, mutum ya gyara tasa a bayan gida ya kai fili. Da NASCAR, ƙungiyar da ke shirya irin wannan tsere, ta bar kabireta a manyan tserenta a 2012, ya yi kwanaki yana jimami kamar an yi masa rashi. Ya kai mu kallo sau da dama, kuma duk sanda magariba ta yi, shi ke nemo mana gefen da za mu shimfiɗa darduma, ya tsaya yana gadin takalmanmu.

Muna yi wa matarsa da 'ya'yansa ta'aziyya. Allah ya ba su haƙuri, ya ba mu.

Ranar Asabar mai zuwa gareji zai kasance a rufe, za mu je jana'iza, kuma iyalinsa sun ce duk mai son zuwa ya zo. Wanda ke da alƙawarin ranar, mun mayar da shi Litinin. Masu tsofaffin motoci masu kabireta da shi kaɗai ke taɓawa, ku ci gaba da kawowa. Ya bar mana littafin da yake rubuta tarihin kowace mota da hannunsa, sai dai ku ƙara mana haƙuri, hannunmu bai kai nasa sauri ba. Akwai kuma mutum biyu da suka ba shi kuɗin kayan gyara kafin ya kwanta. Mun ga sunayenku a littafin, kayan sun iso, ku zo a ɗaura muku.

Naku,
Ma'aikatan gareji