Godiya ga masu sassaƙa ƙarfe na Panteka

Assalamu alaikum.

Ni maƙerin fari ne a Tudun Wada ta Kaduna, sana'ata kwalliyar kayan doki da hulunan tagulla da ake sa wa kan sanda. Na rubuto ne in gode wa maigidan wani shagon sassaƙa ƙarfe da ke Panteka, shi da yaransa, a bainar jama'a, domin godiyar cikin shago ba ta ishe ni ba.

Ƙarfen matsin da nake tura tagulla a ciki ta ɗauki siffa, wanda na saya a wani wuri, shi ya yi ta jawo mini asara: bakin hula sai ya tsage tun kafin a kai ga goge ta. Da na kai masa, bai ce in kawo kuɗin sabo ba. Awo ya fara yi, ya gano ramin ya matse fiye da kima.

Bayanin da ya biyo baya ya fi aikin burge ni. Ya kawo misalin maharban Amurka, inda doka ta yarda mutum ya sake cika kwanson harsashinsa. Kwanson nan tagulla ce mai kashi 70 na jan ƙarfe da 30 na tutiya. Idan an harba sai ya buɗe ya cika cikin bindiga, su kuma su tura shi a ƙarfen matsi ya koma girmansa. Buɗewa da matsewar nan ke sa tagulla ta taurare har wuyan kwanson ya tsage. In kuma ana danne kafaɗar kwanson fiye da buƙata, kowane harbi sai ya miƙe, ya sirance ta wajen gindi, wata rana ya rabu biyu. Shi ya sa gwanayensu ba sa matsawa sai daidai abin da ya wajaba, suna kuma gasa wuyan don ya yi laushi.

Kada wani ya yi mini mummunar fahimta, a ƙasarmu wannan ba aikin ɗaiɗaikun mutane ba ne. Na hukuma ne, kuma masana'antar ƙera makamai ta gwamnati, DICON, da aka kafa a 1964 tana nan Kakuri. Halin tagulla kawai muke magana, kuma halinta ɗaya ne ko a wane hannu.

Gasa tagulla dai mun gada wajen iyaye, mun san tagulla ba ta yin tauri don an tsoma ta a ruwa kamar baƙin ƙarfe. Amma rage matsi ya zama mataki-mataki, da ƙarfe biyu maimakon ɗaya, wannan shawararsa ce. Ya sassaƙa mini su, ya goge cikinsu sumul, ya ba ni a ranar da ya yi alkawari, abin da ba kowane mai sana'a ke yi ba ana gab da hawan Sallah. Tun daga nan tsagewar ta zama sai jefi-jefi.

Maigida, Allah ya saka da alheri, ya yi wa yaran shago albarka, ya ƙara kasuwa.

Wassalam,
Maƙerin fari daga Tudun Wada, Kaduna.